Jar Takarda, Baƙar Tawada: Bikin Bazara a Tsohon Beijin

Duk wanda ya san birnin Beijin a 'yan shekarun nan, da benayensa na gilashi da allunan tallan da ba sa mutuwa dare da rana, da wuya ya yarda idan aka ce masa a ƙarshen shekarun 1980 gari ne mai launin toka. Katangun tsofaffin unguwanni tubalin toka ne, rufin gidajen toka-toka, sararin sama kuwa da hunturu ya kama sai hayaƙin kwal ya shafe shi. Mutane ma kusan shiga ɗaya suke yi, ko shuɗi mai duhu ko doguwar rigar sanyi koriya irin ta soja, kowa bisa baƙin kekensa. A ƙofar kowane ɗaki akwai tulin kabeji an lulluɓe da tsohon bargo, shi ne abin miya har sanyi ya wuce, a gefensa kuma an jera dunƙulen kwal mai huji-huji har kusan taga. Ido yakan yi wata da watanni bai ga abin da zai faranta masa rai ba.

Sai watan ƙarshe na shekararsu ya kama. Sinawa suna da kalandar gargajiya mai bin wata, sabuwar shekararta kan faɗo tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, kuma ita suke kira Bikin Bazara, ko da yake a lokacin tafkunan birnin a daskare suke, yara na zamiya a kai. Tun saura mako biyu ko uku ja zai fara leƙowa. Yau ka gan shi a naɗe a bayan keken wani dattijo, gobe a gashin wata yarinya, jibi a ƙofar kantin unguwa. Kafin daren jajibere ya mamaye ko'ina, har ka rantse ba garin da ka sani ba ne.

A lokacin ina ɗalibi, ina koyon Sinanci. Da an ba da hutu ɗakunan kwanan ɗalibai kan yi wayam, 'yan ƙasa duk sun yi gida, sai mu baƙi kaɗai. Malamai kan ji tausayinmu, kowa ya ɗauki ɗaya ko biyu ya kai gidansa. Ni rabona ya faɗa kan wani malami da iyayensa ke zaune a wani lungu a kudancin tsohon gari, ba nisa da titin Liulichang, inda ake sayar da takarda da tawada da alƙaluman gashi tun zamanin sarakuna. Irin waɗannan lunguna su ake kira hutong. Gidan a da na wani mai hali ne shi kaɗai, ɗakuna sun kewaye tsakar gida ta ɓangare huɗu. A zamaninmu iyalai da dama ne suka raba shi, kowa ya ƙara ɗan kicin a gaban ɗakinsa, famfo ɗaya gare su, bayan gida kuwa sai an fita lungu.

Mahaifin malamina shi ne marubucin lungun. Tsohon akawu ne da ya yi ritaya, siriri, mai tabarau da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Jikokinsa suna ce masa Yeye, mu da sauran 'yan unguwa kuwa Daye, yadda ake kiran dattijon da ya girmi mahaifin mutum. Duk shekara ba wanda ya cika damuwa da shi, yana zaune bakin murhu da rediyonsa. Amma ranar 23 ga watan ƙarshe, da an ƙona hoton abin bautar da suke cewa yana tsaron murhu, washegari kuma aka yi sharar gida, to sarauta ta dawo hannunsa.

Takardar ba a yanke take zuwa ba. Manyan falle ake sayowa, fuska ɗaya ja, bayan fari, kuma rinin bai kama sosai ba: ka taɓa yatsunka su rine, ka manta ka shafi hanci yara su samu abin dariya. Ƙananan 'yan mata kan saci guntu su jiƙa leɓe su danna, shi ke nan an yi jan-baki. Daye yakan ninka fallen ya bi da wuƙa, sannan ya sake ninka kowane tsiri gida biyar ko bakwai gwargwadon haruffan da zai rubuta, don kada wani harafi ya ci gidan wani. Tawadar ma ba ta kwalba ba ce. Sanda ce baƙa mai tauri, a ɗiga ruwa a kan wani dutse mai kwarmi a yi ta gogawa har ruwan ya yi kauri. Wannan aikin yara ne da baƙi, don haka ni ma na sha shi, sai kafaɗa ta sage kafin ya tsoma bakin alƙalami ya ce ta yi.

Maƙwabta kan shigo da takardarsu a hammata. Ba ya karɓar kuɗi. Mai hali ya ajiye ƙullin ganyen shayi ko kwalin taba a gefen tebur, marar hali ya ajiye godiya. Kuma ba ya ɗora alƙalami sai ya yi tambaya.

"'Yata, me ke gidanku a bana?"

"Daye, yaron nan ne zai zauna jarrabawar shiga jami'a."

Sai ya yi shiru yana shafa haɓa, ya lalubo baitin da ya dace da gidan mai neman ilimi. Telan da bai daɗe da samun izinin buɗe shagon kansa ba, nasa baitin na ciniki ne. Mutumin da matarsa ta yi shekara a kwance, ba a yi masa maganar dukiya, lafiya da tsawon rai ake rubuta masa. Wani lokaci a ɗan yi gardama, mai takarda yana son kalmomin arziki zalla, Daye yana cewa ƙofar da ba ta roƙon komai sai kuɗi ƙofar marar kunya ce.

Abin da yake rubutawa shi ake kira chunlian: tsiri biyu dogaye, ɗaya a daman ƙofa ɗaya a hagu, da gajere mai haruffa huɗu a bisa. Baiti ne mai ƙa'ida. Dole layukan biyu su zo da haruffa daidai wa daida, kowace kalma kuma ta fuskanci 'yar'uwarta. In an ambaci sama a nan, ƙasa ta amsa a can, in dutse ya zo a dama, kogi na jiransa a hagu. Har hawa da saukar murya akwai yadda ake so su saɓa wa juna. Yana rubutu a tsaye, yaro na riƙe da bakin takardar yana ja a hankali duk sa'ad da harafi ya kammala. Wanda aka gama a shimfiɗa shi ya bushe, a kan gado, a kan kujeru, a ƙasa, har ya zama ba inda za ka taka. Matarsa, wadda kowa ke ce wa Nainai, tana mitar an hana ta sakat a ɗakinta, amma ita ce ke korar kyanwa kada ta taka ɗanyar tawada.

Ita ma da nata aikin. Guntayen da suka rage takan ninka su ta sa ƙaramin almakashi, ba zane ba komai, ta warware sai ga kifi biyu, ko furanni, ko dabbar shekarar da za a shiga, a manna a gilashin taga. Ba a zubar da ko ɗan mitsitsi. Wani guntun a rubuta masa harafin fu, na albarka da wadata, a lika a randa ko a ma'ajiyar shinkafa. Wani a lika a bangon da ke fuskantar ƙofa, don mai fita ya fara yin ido biyu da fatan alheri.

Da safiyar jajibere ake mannawa. Kunun fulawa ake damawa a tukunya, a fito da shi yana tururi, a shafa da tsintsiya cikin gaggawa, don in ka yi sanya ya daskare a jikin katako. Uba yana kan kujera, yara na ƙasa suna ihu, "Baba, ya karkace! Ɗaga hagu!" Kowa hannunsa ja, kunnuwansa ja don sanyi.

Abin da na fi kewa shi ne abin da ke biyo baya. Da rana ta ɗaga Daye zai sa hularsa ta kunne, ya goya hannu a baya, mu bi lunguna muna karatun ƙofofi. Ba ya wuce ƙofa bai yi sharhi ba. Wannan hannun soja ne, ƙarfi ya fi kyau yawa. Wancan yaro ne ya rubuta, amma zai yi nisa. Wannan gidan sun juya tsirin, na dama ya koma hagu, bari a ƙwanƙwasa a gaya musu tun kafin baƙi su gani. A nan na fahimci cewa jan nan labari yake bayarwa. Ƙofar da ke ɗauke da harafin farin ciki mai tagwaye, an yi aure a gidan kwanan nan. Ƙofar da aka bari tsirara ba ja ko kaɗan, a nan Daye zai rage murya, don an yi musu rasuwa. Gidan da uba ko uwa ta rasu, a al'ada sai ya yi shekara uku bai manna ja ba. Wasu sukan yi amfani da shuɗiyar takarda a madadinsa, a wasu lardunan kuma fara ko koriya ko rawaya, gidajen ibada na gargajiya su kuwa rawaya ce tasu. Mai wucewa ba sai ya yi tambaya ba. Ƙofa ta riga ta gaya masa inda zai shiga da fara'a da inda zai shiga da nutsuwa.

In muka miƙa yamma muka kai Niujie, unguwar Musulmi 'yan ƙabilar Hui inda nake zuwa Juma'a, a masallacin da tarihinsa ya faro tun shekarar 996, sai karatun ya canza. A can ba ka ganin hotunan jaruman nan biyu na daular Tang, Qin Qiong da Yuchi Gong, da wasu ke mannawa a matsayin masu gadin ƙofa. Abin da ke bisa ƙofa ɗan allo ne mai rubutun Larabci, sau da yawa Bismillah. Ko a fadar sarakuna ma ba ja aka riƙa ratayawa ba. Katangunta ja ne tun da aka gama gininta a 1420, amma sarakunan daular Qing 'yan Manchu ne masu girmama fari, don haka nasu baitocin a kan farin siliki ake rubuta su. Daye yakan ce da farin da ja duk ɗaya ne ga mai katanga ja, talaka ne ke bukatar takarda.

Jajayen takardun ƙofa kuwa ba a cire su in biki ya wuce. Suna nan iska ta buga, rana ta gasa, ruwan bazara ya wanke. Zuwa tsakiyar shekara jan ya koɗe ya yi fari-fari, baƙar tawadar ce kaɗai ke nan daram. Kafin wani hunturun gefunan sun yayyage suna kaɗawa. In ka ga ƙofofin lungu sun kai wannan hali, ka san lokacin sayen sabuwar takarda ya ƙarato.

Me ya sa ja? Amsar ta danganta da wanda ka tambaya. Nainai tatsuniya za ta ba ka: wai akwai wani dodo mai suna Nian da ke fitowa a daren ƙarshen shekara yana cinye dabbobi da yara, har mutane suka gano abu uku yake tsoro, wuta da ƙara da jan launi. Malamina kuwa littafi zai buɗe maka. A tsohon iliminsu na abubuwa biyar da duniya ta ginu a kai, ja shi ne launin wuta da kudu da lokacin zafi. Daular Zhou ta fifita shi a bukukuwanta tun kafin haihuwar Annabi Isa da ɗaruruwan shekaru. A wani kogo a Zhoukoudian, kudu maso yammacin Beijin, masu tonon tarihi sun tarar da garin jan dutse an barbaɗa a gefen gawawwakin da suka haura shekara dubu goma. Su baitocin ƙofa kuma asalinsu allunan wani itace ne da suke kira tao, da ake ratayawa don korar miyagun iskoki. Littattafansu na cewa Meng Chang, sarkin wata ƙaramar daula a Sichuan, shi ya fara rubuta baiti a kan irin wannan allo a 964, kuma a zamanin daular Ming, wadda aka kafa a 1368, jar takarda ta maye gurbin katako a gidajen talakawa.

Ni dai Musulmi ne, ban taɓa ɗauka takarda na tare sharri ba, kuma da zama ya yi zama na lura yawancin mutanen lungun ma ba su ɗauka ba. Na taɓa tambayar Daye ko ya yarda da dodon matarsa. Ya ce, "Dodon babu shi, amma sanyin yana nan." A ganina amsarsa ta fi ta littafi. Mutanen da suka yi wata uku cikin duhu da toka da kabeji, da 'yan kuɗi kaɗan za su sayi falle ɗaya su sa wa ƙofarsu launin wuta. Shi ne ado mafi araha da talaka ke iya yi. Shi ya sa a wasan kwaikwayon nan nasu da aka fara nunawa a 1945, na yarinya mai farin gashi, wurin da ya fi taɓa zukata shi ne inda uban da bashi ya yi wa katutu ya dawo gida daren jajibere ba shi da abin da zai ba 'yarsa sai ɗan jan zaren ɗaure gashi. Tsofaffin matan gidan duk sun san wannan zare, sun ɗaura shi.

Jan ya bi mutum tun daga haihuwa. Jariri ya cika wata a raba jajayen ƙwai. Duk shekara goma sha biyu, in dabbar shekarar haihuwarka ta zagayo, uwarka ko matarka ta tilasta maka jar ɗamara ko jar safa har shekarar ta fita. Amarya ja take sawa daga lulluɓi har takalmi. Amma yana da iyaka. Ba a zuwa jana'iza da shi, can fari ne. Ba a rubuta sunan mai rai da jar tawada, don a zamanin sarakuna da ita ake yi wa sunan wanda za a kashe alama. Ba kuma a ba da kuɗin biki a farar ambulan.

Akwai wani jan da ba a cika maganarsa a gidan ba, na siyasa: jar tuta tun 1949, ƙaramin jan littafi, da matasan nan masu jan ƙyalle a damtse. A farkon 1967 gwamnati ta soke hutun Bikin Bazara, aka ce kowa ya tafi aiki, kuma ba a dawo da shi ko'ina ba sai 1980. A waɗannan shekaru Daye bai daina rubutu ba, sai dai taken jam'iyya ake kawo masa ya kwafa, a kan takarda iri ɗaya, da tawada iri ɗaya. Iyakar abin da ya taɓa ce mini ke nan a kai. Wannan ne ya sa bikin da na tarar yake da zaƙi na daban. Mutane ne da aka raba da abinsu shekara goma sha uku suka same shi, suna yi da zumuɗin wanda bai tabbata za a bar masa ba. Kasuwar biki ta Ditan ma a 1985 aka fara ta, kuma in ka shiga ba ka ganin ƙasa don cinkoso, kowane yaro a wuyan ubansa riƙe da tsinken tanghulu, wasu jajayen 'ya'yan itace masu tsami da ake tsomawa a narkakken sukari su daskare suna ƙyalli.

Daren jajibere kowa na zaune ana naɗa jiaozi, kwaɓin fulawa da ake cusa wa nikakken nama da kabeji a dafa a ruwa. Nawa daban Nainai ke yi, da naman rago da ta aiki ɗanta ya sayo a Niujie, a tukunyar da ta keɓe don ni. Ban roƙa ba, ba ta kuma taɓa yi mini gori ba. Ƙaramar talabijin na gefe tana nuna shagalin da gidan talabijin na ƙasa ya fara gabatarwa a 1983. Da sha biyun dare ta gabato ba mai sauran jin abin da ake cewa a ciki, saboda ƙarar nokawut.

Nokawut ɗinsu ba ɗaiɗai ba ne. Ɗaruruwa ko dubbai ake kitsawa a igiya guda, kowanne naɗe da jar takarda, da yawansu daga Liuyang ta lardin Hunan, a rataya a sanda a kunna daga ƙasa. Asalin abin ɗanyen gora ne da ake jefawa a wuta ya fashe, sai a zamanin daular Song aka koma cusa albarushi a takarda. Ka ɗauka kowane gida a birni mai miliyoyin mutane ya kunna nasa a minti ɗaya. Ƙasa na rawa, tagogi na kakkarwa, hayaƙi ya toshe lungu, kana ganin bakin mutum na motsi ba ka jin komai. Yaran da ba su da hali kuwa warware kitson suke yi su cika aljihu, su riƙa kunna ɗaya-ɗaya da tsinken turare, su ja abinsu har kwanaki. Gari na wayewa lungun duk ya rufe da yagaggiyar jar takarda, in an yi sa'a a bisa dusar ƙanƙara. Ba mai sharewa. Wanda ya yi shara a ranakun farko, in ji su, arzikinsa ya share, don haka sai rana ta biyar tsintsiya ke fitowa.

Da safen yara za su sa sababbin kaya su bi manya suna rusunawa, a miƙa musu kuɗi cikin jar takarda. Duk wanda ya yi yawon sallah yana ƙarami, yana lissafin goron sallarsa a bayan ƙofa, ya san abin da ke ransu. A zamanin daular Qing kwabban tagulla masu huji ake zurawa a jan zare a ajiye wa yaro inda yake kwana. A zamaninmu takardar kuɗi ce sabuwa fil, sau da yawa yuwan ɗaya mai hoton mace a kan tarakta, wadda ita ma ja-ja ce, a naɗe ta da ragowar takardar Daye. Jar takardar yuwan 100 da kowa ya sani yau sai a 1999 ta fito. Da hannu biyu ake karɓa, ba a buɗewa a gaban mai bayarwa, kuma kafin yamma uwa ta karɓe ta ce za ta ajiye. Ni ma da yake ban yi aure ba, Nainai takan cusa mini nawa a aljihu, in na yi gardama ta ce marar mata yaro ne ko gemunsa ya kai ƙirji.

Rana ta goma sha biyar, da wata ya cika, a rufe biki da fitilu. Na yara na takarda ne a kan tsinken gora, da guntun kyandir a ciki. Ba a rasa wanda iska za ta karkata wa tasa ta kama da wuta, ya tsaya riƙe da sanda yana kuka, manya na dariya suna cewa alamar shekara mai haske ce.

Cikin abubuwan nan duka, ƙarar ce ta fara tafiya. Daga 1 ga Disamba 1993 aka haramta nokawut da wasan wuta a cikin birnin, bikin 1994 ya zo shiru, har wasu gidaje suka riƙa sa kaset na ƙarar ko su tattake balan-balan. An sassauta dokar a bikin 2006, sai ga gobarar da wasan wuta ya haddasa a wani dogon bene a daren fitilu na 2009. Daga 2018 aka hana a cikin titin zobe na biyar da ya kewaye gari, daga 2022 kuma a duk faɗin birnin. Su ma lungunan sun bi baya. A shekarun 1990 da gabanin gasar Olamfik ta 2008 aka yi ta zana harafin rusau cikin da'ira a katangu, sau da yawa da jan fenti, aka kwashe mutane zuwa dogayen benaye a bayan gari. Gidan su malamina na cikin waɗanda aka zana wa.

An ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma gaskiya tsofaffin maƙwabtan da na sake gani ba su ce bana ba daɗi. Ba mai kewar fita lungu da asuba cikin sanyi don bayan gida, ko hayaƙin kwal da ke kashe mutane cikin barci, ko yaran da ake kai wa asibiti daren biki da ƙunar ido da yatsu. Ja ma bai ragu ba, ƙaruwa ya yi ninkin-ba-ninkin. Kasuwar Yiwu na fitar da fitilun roba masu lantarki da nokawut na ado marar albarushi, kowane titi da kanti ya yi jajir. Baitocin ƙofa inji ke bugawa da ruwan gwal a takarda mai santsi da ba ta rina yatsa, ba ta kuma koɗewa. Bankuna da kamfanonin inshora ke rabawa kyauta da tambarinsu a ƙasa, a lika da salatif a ƙofar ƙarfe. Tun 2014 da manhajar WeChat ta fito da jar ambulan ta waya, kaka na iya aika wa jika nasa ba tare da yaron ya zo ya rusuna ba. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa bikin cikin jerin al'adun da duniya ta gada, shekara goma sha biyar bayan ta sa yankan takarda irin na Nainai.

Abin da ya tafi shi ne labarin. Ka hau bene hawa ashirin ka bi ƙofa-ƙofa, baiti ɗaya za ka yi ta gani, hannu ɗaya, na inji. Ba za ka san gidan ɗalibi ba, ba za ka san gidan majinyaci ba, ba wanda ya tambayi mai gidan me ke gidansa a bana. Jan da ke ko'ina kullum, ido ya daina tsayawa a kansa.

Amma masu alƙalamin ba su ƙare ba, sun dai ja baya zuwa ƙauyuka da tsofaffin titunan kudu. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Gwanzu sun san wannan biki ta fuska ɗaya kawai: masana'antu su rufe, kwantena ta tsaya, a yi makonni ba a amsa waya. In hutun ya rutsa da kai a can, kada ka zauna a otal kana lissafin asara. Foshan da kake zuwa sayen tayil da kujeru tana da wani tsohon titi, Kuaizi Lu, inda dattawa ke kafa tebur a bakin hanya a makonnin ƙarshen shekara suna rubutu da hannu. Ka je da tafintanka, ka gaya wa ɗaya daga cikinsu sana'arka da abin da kake fata a shekarar, ka tsaya ka ga yadda zai rubuta, kuma abin da ya ce ka biya, ka biya ba tayi.